Kafin Ka Mayar Da Mukullin Shago

A kasuwa ba a faɗin gaskiyar ciniki. Ka tambayi mutum, "Ya kasuwa?" ya ce maka, "Sai godiya," ko da tun safe ko taya masa kaya ba a yi ba. Ɗabi'ar tana rufa asiri, amma tana da illa guda: kowa sai ya ɗauka shi kaɗai ruwa ke ci. Maƙwabcinka na dama yana lissafin yadda zai haɗa kuɗin haya, na hagu ya kashe waya saboda mai bin sa bashi, ku ukun kuna benci ɗaya kuna shan shayi, kowa yana ganin sauran biyun sun fi shi.

A watan Fabrairun 2023, lokacin canjin kuɗi, na yanke a raina cewa na gama da sayar da atamfa. Ɗan shagona a Kantin Kwari bai wuce shimfiɗar tabarma biyu ba. Takardar kuɗi ta ɓace daga hannun mutane. Masu sari daga ƙauyuka da na Nijar, waɗanda da tsabar kuɗi suka saba zuwa, suka ɗauke ƙafa. Wanda ya zo kuwa sai a tsaya jiran alat har ya gaji ya ajiye kayan ya tafi. Na yi kwana tara a jere ban sayar da turmi goma ba. Har na yi wa dillali magana ya nemo mai karɓar wurin da kayan ciki, niyyata in koma tuƙin adaidaita sahu.

Wani dattijo a layinmu, wanda ya fara kasuwa tun ba a haife ni ba, ya ji labari ya aiko a kira ni bayan la'asar. Na zata wa'azin haƙuri zai yi mini. Sai ya ce, "Ɗana, yaushe rabonka da ka ƙirga kayanka?"

Na ce, "Baba, ai na san abin da ke ciki."

Ya ce, "Abin da ke ranka dai ka sani. Gobe kar ka buɗe wa kowa. Ka zo da littafi da biro, ka sauke komai ƙasa."

Abin da zan shimfiɗa a nan daga wannan umarnin ya samo asali, sai abin da na ƙaro daga baya a wurin wasu. Ba ni da yaƙini da maganganun zaburarwa da ake yaɗawa a waya, irin waɗanda ake sa wa kiɗa a ƙasa. Sukan ɗumama jini na awa guda, gari ya waye bashin yana nan inda yake. Mafi yawan ɗan kasuwar da ya sare, duhu ne ya karya shi: bai san nawa ya rage masa ba, sai tsoro ya riƙa yi masa lissafi, tsoro kuwa kullum ninka asara yake yi.

Hukunci ba da dare ba

Tunanin barin kasuwa yana da lokutansa. Yakan zo bayan isha'i, ko ranar da mai shago ya aiko da takardar ƙarin haya, ko ranar da ka ga wanda kuka fara tare ya ɗora hoton sabuwar mota. Duk shawarar da ta zo maka a irin wannan lokaci, ka ba ta wa'adi. Ka ce wa kanka sai bayan kwana arba'in, ko sai bayan Sallah, ka rubuta ranar a bangon littafinka. Kafin ranar ba sayar da wuri, ba sallamar yaro, ba sanar da jama'a.

Wa'adin yana da dalili, domin kowace sana'a tana da kakarta da bazararta. Mai yadi da tela da mai takalma azumi ne nasu, da lokacin bukukuwa bayan an kawar da amfanin gona. Da damina kuɗin mutanen karkara yana gona, wurin taki da 'yan ƙwadago. Watan Satumba kuɗin makaranta ke cinye aljihun magidanta. Mai ƙanƙara da lemo ya san sanyin hunturu ba nasa ba ne. Wanda ya auna sana'arsa da watan da ya fi kowane muni ya zalunce ta. Ni da a ce na sallama wurina a Fabrairun 2023, da na bar shi ana saura wata guda azumi: a cikin Maris aka dawo da karɓar tsofaffin kuɗi, azumi ya kama, layin namu ya sake cika har ba wurin taka ƙafa.

Ƙirgar

Nan ne aikin yake, kuma nan ne yawancinmu muke gudu, don ƙirga kamar zuwa gwajin jini ce, mutum yana tsoron abin da za a gaya masa.

Ka ware wuni guda. Ka sauke kaya daga kanta gaba ɗaya, har na can ƙasa da ƙura ta rufe. Ka raba su biyu: masu tafiya da kwantai. Masu tafiya ka yi musu kuɗi a farashin da za ka saro su yau, ba wanda ka saro su wata huɗu baya ba. Kwantai kuwa ka yi musu kuɗin da in ka fitar da su gobe za a ba ka hannu da hannu, komai zafin da abin zai yi maka. Atamfar da yayinta ya wuce ba ta san nawa ka saye ta ba.

Sannan kuɗin hannu, da na banki, da na cikin na'urar POS. Sannan littafin bashi. Bashin da kake bin mutane iri-iri ne: akwai mai rai, wanda mai shi yana kawowa ko da kaɗan-kaɗan, akwai majinyaci, wanda sai an yi zarya, akwai matacce, irin na ɗan uwan da ya ɗauki kayan lefe shekara biyu ke nan, in kun haɗu a wurin suna ma ba ya kawo zancen. Mai rai kaɗai za ka sa a lissafi. Daga ƙarshe ka cire duk abin da ake bin ka, na maigidan da ke ba ka kaya, da na adashin da ka riga ka kwasa, da hayar da ta taru.

A ce kaya masu tafiya sun kama naira 2,400,000. Kwantan da ka saro a 500,000 yau bai wuce 300,000 ba. Kuɗin hannu 150,000. Kana bin mutane 600,000, amma mai rai a ciki 250,000 ne. Jimla 3,100,000. Ana bin ka 900,000. Uwar kuɗinka ke nan 2,200,000.

To a nan ne mutane da yawa suke ruɗuwa. In bara kamar yanzu jarinka 1,800,000 ne, sai ka ce ai an samu ƙarin dubu ɗari huɗu. Ka mayar da lissafin zuwa kaya tukuna. A ce bara turmi yana 7,500, kuɗinka turmi 240 ke nan. Bana yana 11,000, kuɗinka turmi 200. Naira ta hau, turmi arba'in sun tafi. Wannan ita ce cutar da ta kwantar da ƙananan 'yan kasuwa da yawa tun daga tsakiyar 2023. An cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki, kuɗin mota da na dako suka bi ta. Dala kuma, wadda take wajen naira 460 a farashin hukuma kafin a saki naira a watan Yuni, ta haura 1,500 a Fabrairun 2024. Mutum ya sayar da kaya da ribarsa yana murna, ya koma sari ya tarar kuɗin duka ba za su maido masa da abin da ya fitar ba. Don haka mai buhu ya auna jarinsa da buhu, mai katan da katan, mai kaji da yawan kajin da zai iya zubawa ya ciyar har su isa sayarwa. Kuma tun daga ranar, farashinka ya riƙa bin farashin sari na yau. Abokin ciniki zai yi ƙorafi, amma shi ma ya san kasuwa.

Da na yi tawa ƙirgar, na tashi da ciwon baya da kunya. Jarina bai mutu ba, rauni ya yi. Na tarar da turame sittin da wani abu a ƙasan kanta waɗanda na daina ma nuna wa mutane, na tarar da shafi uku na bashin dangi da abokai, na kuma gane cewa ba ni da wani adadi da nake ɗauka na gida, aljihun shago da nawa duk ɗaya ne. Duk da haka a daren na yi barcin da na daɗe ban yi ba, don abin da ke bina ya samu suna da adadi.

Abin da littafin zai gaya maka

In jarin yana nan, ciniki ne kawai ya ja baya, to gajiyar a jikinka take. Ka huta kwana biyu, ka je a auna jininka, don hawan jini ya yi yawa a tsakanin 'yan kasuwa kuma ba ya sallama. Ka dawo ka ci gaba.

In kuwa yana yoyo, nemo ramin. Ramukan sanannu ne. Na farko cefane: ka yanka wa kanka albashi, na rana ko na mako, gwargwadon abin da riba za ta ɗauka, ka sanar da uwargida adadin da dalilinsa. Maza da yawa suna ɓoye wa iyali halin da kasuwa take ciki wai don kada a raina su, gida ya ci gaba da kashe kuɗi irin na lokacin yalwa, shi kuma yana ta ƙuna a ciki. Sau da yawa matar da ka ɓoye wa ta riga ta gane, jira take ka faɗa.

Rami na biyu bashin kunya. Ba za ka iya hana kowa ba, a garinmu muke. Amma ka ware abin da za ka iya bayarwa kyauta ka bayar da sunan kyauta, sauran kuma a rubuta, da rana, da shaida. Wanda ya ce rubutu rashin yarda ne, ka tuna masa cewa ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take. Mata masu sana'a a gida, masu turaren wuta da dambun nama da kayan kicin, wannan ramin ya fi cin su. 'Yar uwa, ƙawar da ta ce "aiko min, zan turo" sau uku ba ta turo ba, a karo na huɗu ki ce mata kayan na mutane ne, sai an ga kuɗi. Ba ƙarya kika yi ba, jarin na 'ya'yanki ne.

Kwantai kuma a karya shi. Na san zafin sayar da abu ƙasa da yadda aka saye shi, amma kuɗin da ke kwance a ƙasan kanta ba ya haihuwa. Dubu ɗari uku da za ka juya sau biyar kafin Sallah sun fi dubu ɗari biyar da ke shan ƙura. Ni wata dillaliya na kira, ta kwashe nawa a kashi uku ta shiga da su gidaje.

Akwai kuma bayanin da zuciya ta fi so, wato an sa min hannu. Ba zan yi jayayya da kowa a kan hassada ba, akwai ta, kuma azkar na safe da yamma ba sa cin ko kwabo. Sai dai na ga mutanen da suka kai ragowar jarinsu wurin masu duba ba su taɓa buɗe littafin bashinsu ba.

Mai bin ka bashi

Ka riga shi zuwa. Babu abin da ke kashe ɗan kasuwa a idon manya kamar kashe waya da canja hanya. Ka je da littafinka, ka zauna, ka ce, "Alhaji, ga halin da nake ciki, ga abin da ya rage, zan iya kawo kaza duk Juma'a." Ka faɗi abin da ka tabbata za ka iya, ko da kaɗan ne, kuma ranar ta yi ka kai ko da ruwa ake da ƙanƙara. Manyan 'yan kasuwa sun ga karyewa iri-iri, wasunsu su ma sun taɓa karyewa. Abin da ba sa yafewa shi ne a mayar da su yara. Kasuwanninmu a kan amana suke tafiya, ana ɗora wa mutum kayan miliyoyi da magana kawai, saboda haka sunanka wani jari ne da bai shiga ƙirgar da muka yi ba. Mutum yakan rasa kaya duka a dare ɗaya, kamar yadda gobarar kasuwar Sabon Gari ta watan Maris 2016 ta yi wa dubban masu shaguna. Bayan irin wannan, wanda ake sake ba kaya shi ne wanda aka sani da cika alkawari.

Kada kuma ka haƙa sabon rami don cike tsoho. Manhajojin bashi na waya suna ba da kuɗi cikin minti biyar, da ruwa mai nauyi da wa'adi gajere, in ka makara wasunsu su aika wa duk lambobin da ke wayarka cewa kai macuci ne. Haka masu cewa ka zuba a ninka maka. Waɗanda MMM ta rufe da kuɗinsu a Disambar 2016 suna nan da ransu, amma ba su hana wasu faɗawa CBEX a 2025 ba. Mutumin da ya sare shi ne abincin irin waɗannan, don yana neman abin da zai fitar da shi a tsalle ɗaya. In dole sai ka nemi kuɗi, adashi da mutanen da ka sani ya fi, ko wani ya zuba jari ku raba riba bisa yarjejeniya a rubuce.

Ragewa, da canja kaya

Tsakanin ci gaba yadda ake da rufewa gaba ɗaya akwai fili mai faɗi, amma mai baƙin ciki ba ya ganinsa. Shago biyu ya koma ɗaya. Shago ya koma rabi, ka sa wani a ɗaya ɓangaren ku raba haya. Rabi ya koma tebur. Tebur ya koma waya da babur, kana ɗora kaya a WhatsApp kana kai wa mutane har gida. Kaya iri ashirin su koma iri biyar da suka fi gudu. Abin da ke hana mu wannan ba lissafi ba ne, idon mutane ne: me za a ce? Za a ce, na mako biyu, sannan a koma kan wani.

Wani lokacin kuma ba kasuwanci ne ya ƙi ka ba, hajar ce zamaninta ya juya. Alhassan Ɗantata da fataucin goro daga ƙasar Gwanja ya fara. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a wajen 1912, gyaɗa ta samu hanyar fita zuwa teku, ya karkata can, har ya zama wanda ba a ambaton dalar gyaɗa sai da sunansa. Gyaɗar ita ma ta durƙushe a shekarun 1970, zuriyarsa kuwa ba su durƙushe da ita ba, sun riga sun bazu cikin wasu harkoki. In kiɗa ya canja, rawa ma sai ta canja.

Ban cika son kawo labarin attajirai ga mai ƙaramin jari ba, don wanda banki ke bi da rance ba gwaninka ba ne a wannan fage. Amma akwai abu ɗaya da za a ɗauka. Aliko Ɗangote ya buɗe masana'antar tumatir a Kadawa a 2016, ba ta yi nisa ba ta tsaya, saboda tsutsar nan da manoma ke kira sharon ta cinye gonaki, tumatirin da za a sarrafa ya yi ƙaranci. Matatar mansa ta Legas an sanar da ita a 2013, ba ta fitar da fetur ba sai Satumbar 2024. Ba wanda ya ce masa ba shi da hannun kasuwa. Kai kuwa kaji ɗari biyu sun mutu maka, ka yanke wa kanka hukuncin cewa ba a halicce ka don nema ba.

Abokan zama, da abin yi gobe

Ka lura da wanda kake kai wa kukanka. Akwai majalisar da in ka zauna awa guda za ka tashi da yaƙinin cewa ƙasar ta ƙare. Gaskiya suke faɗa a kan tsada da rashin wuta da haraji, amma ba ka tashi da komai a hannu. Ka nemi mutum ɗaya da ya girme ka a sana'ar, wanda za ka iya buɗe wa littafinka ba tare da ka ji shi a bakin wani ba. Shawararsa tare da istihara ta fi ta mutum goma da ba su taɓa biyan hayar shago ba. Kallon abin da wasu ke ɗorawa a Facebook da TikTok kuwa ka rage shi a wannan tsakanin, ba mai ɗora hoton takardar bashinsa.

Sannan ka daina ɗora wa kanka babban buri na ɗan lokaci. Kowane dare ka rubuta abu biyu ko uku na gobe, ƙanana waɗanda suke hannunka: in kira tsofaffin abokan ciniki biyar da suka daina zuwa, in je wurin wane karɓar bashi, in gyara jerin kaya. Ciniki na Allah ne, ba ka da iko a kansa, amma buɗewa a kan lokaci da share wuri da sakin fuska naka ne. Mai saye yana gane shagon da mai shi ya riga ya haƙura, daga zamansa ma.

In barin ne ya fi

Ba kowace dagewa ce alheri ba. In wa'adin ya cika, ka sake ƙirga, ka toshe ramukan da ka gani, ka rage wuri, kakar sana'ar ta zo ta wuce, amma har yanzu yawan kayan raguwa yake, kuma sai ka ci sabon bashi kake biyan tsoho, to tsayawa a nan cin dukiyar mutane ne. Ka fita tun da sauran abin da za ka fita da shi.

Fitar ma tana da tsari. Masu bin ka su fara ji daga bakinka kafin su ji a gari. Kayan da aka ba ka ba ka sayar ba, ka mayar wa mai su a ƙirga a gabanka. Ka sallami yaronka da haƙƙinsa, in da hali ka haɗa shi da wani. Ka yi wa mai shago magana tun kafin haya ta ƙare, wataƙila a samu mai shiga ya maido maka da na sauran watannin. In komawa ƙarƙashin wani ne ya samu, ka koma, akwai masu shaguna a yau da suka yi zaman yaron shago sau biyu. Littafin da ke da sunaye da lambobin abokan cinikinka ka adana shi inda ruwa ba zai taɓa ba, layin wayar da suka san ka da shi kuma ka riƙa sa masa kati kada a rufe shi.